Wa Zai Girka Abincin Taron: 'Yan Uwa, Mai Girkin Unguwa, 'Yan Oda Ko Gidan Abinci?

Suna ya rage kwana huɗu, ko walimar sauka ta matso, ko dangi sun tsayar da ranar taron zumunci a gidanku. An gama maganar rumfa da kujeru da tabarmi, saura wanda zai tsaya a kan tukunya. Manya suna cewa ba a ba bare girkin gida, matasa suna nuno hotunan masu abinci a waya, maigida kuwa shi dai a faɗa masa nawa ne. A birane irin Kano da Kaduna da Zariya da Katsina, hanyoyi huɗu ne a gaban mai irin wannan taro na gida: 'yan uwa da maƙwabta su haɗu su girka, ko a ɗauko mai girkin biki ta zo gida ta dafa abin da kuka sayo, ko a ba masu karɓar oda su kawo a robobi, ko a je gidan abinci a yi ciniki. Kowacce tana da wurin da ta fi dacewa, kuma kowacce tana da inda take ba mutum kunya.

Kafin komai, a ƙirga baki

Duk lissafin da za ku yi, a kan yawan masu ci zai tsaya, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Taronmu ba na kati ba ne. Wadda kuka gayyata za ta zo da 'ya'yanta da ƙanwarta da maƙwabciyarta. Akwai kwanukan da za a kai gidajen maƙwabta, akwai na surukai wanda ba a wasa da shi, akwai mazan da ke zaune a ƙofar gida, akwai almajirai, akwai kuma waɗanda suka yi aikin. Idan kun rubuta mutum 100, ku yi shirin 150. A suna ma ci biyu ne: na maza da sassafe bayan raɗin suna, da na mata da za su yini. Ragon sunan kuma kada a sa shi cikin lissafin naman ranar, domin a gidaje da yawa sai washegari ake soya shi a raba.

Ga ma'aunin da zai taimaka: babban mutum yana cin kimanin giram 125 zuwa 150 na ɗanyar shinkafa, wato buhu mai kilo 50 zai ciyar da mutum 300 zuwa 400, gwargwadon hannun mai zubawa. Ku riƙe wannan, don duk wadda ta ce muku taron mutum 100 sai buhu guda, kun san akwai magana. Mudu kuma ba ɗaya ba ne daga gari zuwa gari, har daga kasuwa zuwa kasuwa, saboda haka in za a yi ciniki da mudu, a ajiye kwanon a gaban kowa.

Abubuwa huɗu da za a auna

Na farko kuɗi, kuma ba abin da aka faɗa da baki kaɗai ba. Har da itace ko gas, da robobi da cokula, da kuɗin mota, da hayar tukwane, da tukwicin masu wanke-wanke. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 farashi ya daina zama wuri ɗaya. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Shi ya sa ba zan rubuta muku naira kaza ba, zan dai nuna yadda kowa ke yanka kuɗinsa. Lokaci ma yana da tasiri. Tumatir da attaruhu suna araha da rani, sa'ad da na Kadawa da Kura suka cika kasuwar 'Yankaba ta Kano, amma daga wajen watan Mayu zuwa cikin damina sai su yi tashin gwauron zabo. Dabba tana tsada gab da Babbar Sallah. Masu girki kuma sun fi wuyar samu a watan Sha'aban da ƙarshen shekara, lokacin da bukukuwa ke cunkushewa.

Na biyu, tsawon lokacin da abincin zai jure kafin ya juya. Wannan shi ne ma'aunin da aka fi rainawa, kuma a ganina shi ya fi sauran nauyi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai. Ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke kai digiri 40, abinci ba ya jiran kowa. Shinkafa tana da nata sharrin na musamman: akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus wadda dahuwa ba ta gamawa da ita, idan shinkafar ta huce ta daɗe sai ta hayayyafa ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Don haka tambayar da za ku yi wa kowace mai girki ita ce: ƙarfe nawa za ki sauke, ƙarfe nawa za a ci?

Na uku sauƙi, wato wa zai je kasuwa, wa zai kwana yanka albasa, wa zai wanke tukwane bayan baƙi sun watse. Na huɗu haɗari: abinci ya gaza, ko ya makara, ko ya ɓata wa mutane ciki, ko a tafi da kuɗinku.

'Yan uwa da maƙwabta

Wannan ita ce hanyar da muka gada, kuma har gobe babu wadda ta kai ta daɗin zumunci. Gwaggo tana kan tuwo, inna tana kan miyar taushe, 'yan mata suna gyaran kayan miya, ana hira ana dariya tun daren jajibiri. Kuɗin hannu babu, sai na cefane. Idan kuka je kasuwar Singa ta Kano kuka sayo shinkafa da mai da magi a sari, kuka biya 'Yankaba don kayan miya, za ku ga rangwame na gaske. Abincin kuma daga wuta sai baki, in wata tukunya ta ƙare a ɗora wata.

Amma arahar tana da ɓoyayyen kuɗi. Masu aikin za su ci na kwana biyu, za a sallame su da sabulu ko turmi ko kuɗin mota, kuma da wuya a tsaya kan awo. Wannan ta ƙara mai, waccan ta ƙara magi, wata ta ɗebi nama ta ajiye wa yaranta, ba kuma wanda zai iya buɗe baki ya yi wa babbar yayar mahaifinsa magana. Wanda ya iya girkin mutum goma ba lallai ya iya na mutum ɗari biyu ba. Dafa-duka a babbar tukunya sana'a ce daban, in ba a san kan wuta ba sai ƙasa ta kama sama bai nuna ba. Sannan matar gidan ba ta ganin bikinta, daga murhu sai murhu. Idan mai jego ce, nauyin yana komawa kan mahaifiyarta ko 'yan uwanta, su ne za su kwana a tsaye. Babban haɗarin nan ba na ciki ba ne, na zumunci ne: maganar da aka faɗa a bakin murhu kan wa ya ɗebi me tana iya shekara ba ta mutu ba.

Mai girkin biki da ke zuwa gida

Kusan kowace unguwa tana da irin waɗannan mata, waɗanda girkin taro ne sana'arsu. Ba su da allo ba su da shafi, sunansu a bakin mata yake yawo. Za ta zo ta zauna da ku, ku faɗa mata yawan mutane da irin abincin, ta ba ku jerin abin da za a sayo, ku yi cefanenku da kanku. Ranar taro ta iso da asuba ko ta kwana, da mataimakanta biyu ko uku, wani lokaci har da manyan tukwanenta da ludaya da matsami. Kuɗinta na hannu ne: wata kan mudu take yanka, wata kan tukunya, wata a dunƙule.

Ni a wurina, ga taron gida na mutum 80 zuwa 300, wannan hanya ce ta fi kowacce daidaito, kuma dalilina guda biyu ne. Cefane yana hannunku, don haka kun san man da aka zuba, kun ga naman tun yana ɗanye, kun san yawansa, abin da ya rage kuma naku ne. Sannan tukunyar tana cikin gidanku, tazarar da ke tsakanin saukewa da ci kaɗan ce. Idan baƙi suka fi yadda aka zata, ƙwararriya za ta ɗora taliya ko ƙarin shinkafa cikin rabin awa ba tare da kowa ya lura ba. Wannan sassaucin babu mai oda da zai ba ku shi.

Wahalarta ita ce kasuwa taku ce, ruwa naku ne, itace ko gawayi ko gas naku ne, kuma sai kuna da fili. Gidan haya mai ƙaramin tsakar gida ba zai ɗauki murhu huɗu ba, sai an roƙi maƙwabta ko an fita lungu, da damina kuma ga jiƙaƙƙen itace ga hadari. Akwai abubuwan da ya kamata a warware tun ranar ciniki, domin su ne ke kawo ɓacin rai daga baya. Wanke-wanke yana cikin kuɗin ko daban? Ita za ta zuba abincin ko 'yan gida? Me za ta tafi da shi? Al'ada ce mai girki ta tafi da ɗan abinci da nama don iyalinta, babu laifi a ciki, amma a faɗi yawansa. Kuma a tambaye ta ko ta karɓi wani aikin a ranar, don wasu kan karɓi biyu, su ɗora a nan su bar yarinya, su tafi can. A sa mutum ɗaya daga cikin gida, mace mai natsuwa wadda ba ta jin nauyin magana, ta riƙe makullin ɗakin kaya, ita ke fitar da mai da nama da ƙirge. Ba zargi ba ne, ita kanta mai girkin ta gari ta fi son haka, don ya wanke ta.

Yadda ake samun ta gari ba wuya: ku tuna bikin da kuka ci abinci ya yi muku daɗi, ku tambayi uwar bikin. Ku tambaye ta abu biyu da hoto ba ya nunawa, wato ko ta zo kan lokaci, da ko kayan da ta rubuta sun isa ba a koma kasuwa da rana tsaka ba.

Masu karɓar oda

Waɗannan su ne suka yawaita a shekarun nan, yawancinsu mata matasa da ke girki a gidajensu suna tallata shi a Instagram da WhatsApp da TikTok. Suna yanka kuɗi kan kowace roba: shinkafa da kaza kaza, da naman sa kaza, in da salak da lemo a ƙara. Wasu kuma suna kawowa a manyan kuloli ku zuba da kanku, wanda ya fi araha. Da yawansu sun iya abin da mai girkin unguwa ba ta saba da shi ba, irin su soyayyar shinkafa mai haɗi, samosa, gasasshiyar kaza da kek. Sauƙi kuwa ba a magana: ba hayaƙi, ba wanke-wanke, ba kwana a tsaye, kowa a miƙa masa robarsa.

Kuɗin ya fi na hanyoyi biyun farko, kuma dole ya fi, tunda a cikinsa akwai gas da robobi da 'yan aiki da ribarta. Abin lura shi ne inda ake rage nauyi idan kun matsa ciniki. Ba a shinkafa ake ragewa ba, a nama ne. Roba da kaza na iya nufin kwatan kaza, na iya nufin an raba kaza guda gida goma sha biyu. Ku tambaya a fili: kaza ɗaya gida nawa? Robar wace iri ce, babba ko ƙarama? Gani ya kori ji, don haka ku sayi roba biyu ko uku tun kafin ranar, irin wadda za a kawo muku daidai, ku ci, ku ɗauki hotonta ku ajiye.

Ta fuskar jurewa, nan ne raunin wannan hanya. Wadda za ta cika roba 200 ita da yara biyu, ta fara zubawa tun hantsi. Robar farko ta yi awanni a rufe kafin ta ƙarshe ta cika, ga tururi yana komawa ciki yana jiƙa abincin, ga tafiya a adaidaita sahu cikin cunkoso, ga jiran baƙi da ba sa zuwa kan lokaci. Abincin da aka sauke ƙarfe goma yana iya kai ƙarfe huɗu ba a ci shi ba. Mafi muni shi ne a ɗora haɗin kabeji da bama a kan shinkafa mai zafi a rufe. Wannan shi ke fara tsami ya ja sauran. Ku ce a sa salak a ƙaramar roba daban cikin ƙanƙara, ko a bar shi gaba ɗaya. In da hali ku zaɓi kula maimakon roba, domin kula mai kyau da aka cika da zafi ba a yawan buɗewa tana riƙe abinci awanni, a zuba sa'ad da mutane suka zauna.

Haɗari na biyu shi ne adadi. Roba 150 roba 150 ce, mutum na 151 sai kallo, kuma a taron mata akwai masu sa ɗaya a jaka kafin su buɗe ta ci. Na uku kuɗin kafin alƙalami. Yawancinsu suna neman rabi ko fiye kafin su taɓa kasuwa, kuma suna da hujja, don su ma ana barinsu da abinci. Sai dai shafi ba adireshi ba ne, hoto kuma ana ɗaukowa daga ko'ina. Kada ku tura kuɗi sai wani naku ya je ya ga inda take girki, ya ga ruwan da take amfani da shi. Ku rubuta yarjejeniyar ko da a saƙon waya ne: rana, ƙarfe nawa, roba nawa, me ke ciki, wa zai biya kuɗin kawowa, nawa aka bayar, nawa ya rage. Cikon kuma sai kaya sun iso an ƙirga.

Gidan abinci

Shi ne mafi tsada a mafi yawan lokuta, kuma shi ne ba za a neme shi a rasa ba: yana da ƙofa, yana da ma'aikata, yana da firji da janareta, kuna iya zuwa yau ku ci ku gani. Idan taron ya zo ba shiri, misali baƙi daga nesa ko zaman ƙungiya da aka sa gobe, shi ne mafita. Amma ba ya lanƙwasuwa. Abin da ke cikin jerinsu shi za ku samu, ɗanɗanon kuma na kasuwa ne. Ku tabbatar sabo za a dafa muku, ba ragowar na rana za a haɗa ba.

| Hanya | Kuɗi | Jurewar abinci | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| 'Yan uwa | Mafi araha, amma akwai ɓarna | Mai kyau, daga wuta sai ci | Wahala sosai | Rashin awo, saɓani |
| Mai girkin unguwa | Matsakaici | Mai kyau ƙwarai | Kasuwa da fili naku ne | Makara, haɗa aiki biyu |
| 'Yan oda | Mai tsada | Rauni a roba, dama-dama a kula | Sauƙi sosai | Gazawa, tsami, kuɗin gaba |
| Gidan abinci | Mafi tsada | Matsakaici | Mafi sauƙi | Ragowar abinci, rashin zaɓi |

Abin sha da abin taɓawa

Ko wace hanya kuka bi, ba dole mutum ɗaya ya yi komai ba. Waina a ba mai waina, wadda kullum tandarta ke kan wuta. Ta fi kowace mai girki iya ta, kuma waina da sinasir suna yini lafiya in an raba su da miya. Nama a yi magana da mai tsire ko mai balangu na unguwa ya gasa a kawo da zafinsa. Cincin da dublan da alkaki da dambun nama ana yinsu kwanaki kafin taro ba abin da zai same su. Alale da miyar da aka sa wa gyaɗa kuwa ba sa son jira.

Abin sha ya fi abinci saurin cutarwa, tunda ba a dafa shi bayan an haɗa. Kunun aya in babu ƙanƙara ba ya kai la'asar, zoɓo ya fi shi haƙuri. Mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a watannin Maris da Afrilun 2021 ba, lokacin da aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗanɗano da ɗan tsami. Duk wadda za ta haɗa muku zoɓo ko lemo, ku ga kayan haɗin da idonku, ku duba ranar lalacewarsu da lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ku san ruwan da ƙanƙarar daga ina suke. In ba ku natsu ba, ruwan leda na kamfanin da kuka sani da lemon kwalba sun wadatar.

Wacce ta dace da wa

Idan taron bai wuce mutum 50 ba, kamar shan ruwa na dangi ko ƙaramar walima, kuma akwai mata biyu ko uku masu hannu da suka yarda da zuciya ɗaya, ku girka a gida, ku sayo waina ko nama daga waje don rage aiki.

Idan suna ne ko yinin biki ko sauka, inda ba wanda ya san iyakar masu zuwa kuma ana ci daga hantsi har magariba, ku ɗauko mai girkin unguwa, ku yi cefanenku, ku naɗa mai riƙe makulli. Haka ma in kuɗin a ƙirge suke amma kuna son nama ya wadata.

Idan kun san adadin mutanen kuma lokacin cin a tsaye yake, kamar walimar maza bayan ɗaurin aure, ko taron abokan makaranta, ko kamu a ɗakin taro, ko kuma gidan ba shi da filin murhu, masu oda sun fi dacewa. Ku ƙara roba 20 a kan kowace 100, ku sa a kawo awa ɗaya kafin ci, ba awa huɗu ba.

Idan abin ya zo da gaggawa, ko baƙin kaɗan ne kuma masu nauyi, ko kuɗin na ƙungiya ne da za a nemi rasit, ku tafi gidan abinci. Idan kuma taron babba ne mai ɓangare biyu, ku raba: robobin oda ga maza a waje da za su ci su tashi, tukunyar mai girki a cikin gida ga mata da yara da kwanukan maƙwabta.